'Ya'yan Tsamiya Goma Kafin La'asar

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Mai girma shugaban wannan taro, Sakataren ƙaramar hukumarmu, mai girma Hakimi, Allah ya ja zamaninka, dagatai da masu unguwanni na ƙasar Kura da ta Bunkure, Liman da sauran malamanmu, Allah ya gafarta muku, Manajan aikin noman rani da injiniyoyinsa, malaman gona, baƙinmu Zazzagawa masu binciken iri, waɗanda suka zo su koya mana noma, mu kuma muka koya musu yadda ake cin tuwo a ƙoshi, Arɗo da jama'arsa, 'yan'uwana manoman alkama da tumatir da albasa, da kuma iyayenmu mata, waɗanda aka ajiye can bayan rumfa inda lasifika ba ta kaiwa sosai, alhali kuwa yau maganar tasu ce: assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Hambali. Ni ne mai buɗe ƙofar ruwa ta kanal ɗin da ya bi ta gabas da garinmu. Aikina shi ne in buɗe wa wanda ranarsa ta zo, in rufe wa wanda ranarsa ta wuce, in sha zagi daga dukkansu biyun.

Ina godiya ga hukuma da ta ga ya dace, a wannan biki na girbin alkama na shekara ta dubu ɗaya da ɗari tara da saba'in da takwas, a kira ni gaban jama'a a ba ni keke da takardar yabo. Ina godiya ga shugaban taro da ya karanta halayena da murya mai daɗi, har na riƙa waiwaye ina neman mutumin da ake nufi. Ya ce shekara biyar ban taɓa fashin aiki ba. Gaskiya ne. Ya ce ban taɓa makara ba. Gaskiya ne. Ya ce ranar da bakin kanal ya ɓalle bara, na wuni cikin laka har ƙugu, tun fitowar rana har faɗuwarta, ban ci ba, ban sha ba, ban leƙa gida ba, har aka ceci alkamar mutum arba'in. Wannan ma gaskiya ne, kuma a nan kuka fi tafi.

An ba ni minti biyar in yi godiya in zauna. Ranka ya daɗe, zan ɗan zarce. Mutumin da bai taɓa makara ba shekara biyar, ina ganin an yafe masa ya ci lokacin jama'a sau ɗaya.

Dalili kuwa shi ne, labarin wannan rana da kuka tafa wa rabi ne aka rubuta a takarda. Ɗaya rabin yana wurina, kuma ya yi mini nauyi. A gidana yanzu haka akwai ciki wata takwas. Na san ba a faɗin wannan a bainar jama'a, ga shi har Liman ya sunkuyar da kai, Allah ya gafarta Malam, a yi mini haƙuri. Bara ma akwai. Shi ma ya kai wata takwas. Muka binne shi ba mu ji kukansa ba. Ba na so in binne na biyu, kuma ba na so ɗayanku ya binne na farko. Wannan ce maganar da ta tsayar da ni, zan kuma bi ta daki-daki.

Abu na farko, ina so in yaba mana. Mu mutanen wannan yanki, Allah ya ba mu lura. Tun da aka tare ruwa a Tiga aka jawo mana shi har bakin gona, babu abin da ya gagari idonmu da kunnenmu. Ni nan, ko ban duba ma'aunin da aka zana a jikin siminti ba, daga ƙarar ruwa kaɗai nakan san ya ragu da ɗan yatsa biyu, in bi kanal da ƙafa har in gano ramin ɓeran da ke sace shi. Ga Maikuɗi can, maƙwabcina a gona: idan ganyen tumatir ɗaya ya naɗe cikin kunya ɗari, kafin hantsi ya gani, kafin azahar duk gari ya ji, kafin la'asar ya zo ƙofar ruwa ya gaya mini asalina. Ga Dattijo, ƙanen mahaifin mai ɗakina, yana zaune kusa da Arɗo: yakan ɗora tafin hannunsa a kwiɓin saniya ya ce maka ɗan maraƙin ya juya, saura kwana kaza. Idan saniya mai ciki ta ƙi tuƙa, shi ma ranar ba ya cin abinci. Malaman gona kuwa, su sun san ranar da ƙwayar alkama za ta tsaga ƙasa tun ba a shuka ta ba.

To, madalla da mu. Amma ka tare ɗayanmu ka ce masa, "Malam, ɗan da ke cikin iyalinka, yaushe ya yi motsi na ƙarshe?" Sai ya ja da baya ya ce, "Subhanallahi! Wannan ai maganar mata ce." Ka je wurin matan, matar ta ce da kunya ta faɗa wa miji, da kunya ta faɗa wa uwar miji, uwarta kuma tana wani gari. Uwar miji ta ce ita ba za ta tambaya ba, kada a ce ta sa ido. Ka ga ke nan tumatir yana da mai magana a madadinsa, saniya tana da mai magana a madadinta, ruwan kanal yana da ma'aikaci mai albashi da keke, amma ɗan mutum da ke cikin ciki, wanda motsi kaɗai ne harshensa, babu wanda aka ɗora wa sauraronsa.

Abu na biyu, labarina.

Mai ɗakina Bafulatana ce, kuma cikin bara shi ne na farinta. Ku da kuka san kunyar Fulani, kuka kuma san kunyar cikin fari, ku haɗa su wuri ɗaya ku ga abin da za su bayar. Wata takwas muna gida ɗaya, ba ta taɓa ambaton cikin nan a gabana ba, ni ma ban taɓa ba. Muna ganin wannan shi ne mutunci, har ina alfahari a raina cewa na auri 'yar gidan tarbiyya.

Ranar wata Litinin da safe ta kawo mini koko ta ajiye. Maimakon ta koma, sai ta tsaya. Ta juya mini baya tana gyara murfin randa, murfin da babu abin da ya same shi. Can ta ce, da murya ƙasa-ƙasa, "Malam, tun jiya ya rage motsi."

Jama'a, ba zan yi muku ƙarya in ce ban ji ba, ba zan ce ban gane ba. Na ji, na gane, na kuma san cewa fitar waɗannan kalmomi daga bakinta ya fi mata ɗaukar buhun alkama wuya. Abin da na ce mata shi ne, "Ki faɗa wa Inna. Yau ruwan su Maikuɗi ne, in na makara za a yi surutu." Na shanye kokona, na ɗauki makullin ƙofar ruwa na fita. Ban makara ba. Yana cikin ranakun da aka lissafa mini a takardar yabo.

Sai bayan azahar ta iya buɗe baki ta faɗa wa mahaifiyata. Inna ta ce mata, "Kwantar da hankalinki, 'yar nan. Haka suke yi in sun kusa, wuri ne ya yi masa kaɗan. In ma ya yi shiru, kwanciya ya yi. Cikin ƙanwata ya kwanta shekara biyu cur, ya tashi, ga Iliyasu nan da gemunsa." Iliyasu yana cikinku, ga shi can yana dariya. Ni dai ban sani ba ko shekara biyu ya yi a ciki, abin da na sani shi ne har yau bai cika gaggawa ba. Amma kada wani ya ga laifin Inna. Abin da ta gada ta faɗa, da ƙauna ta faɗe shi, har ta jiƙa mata saiwa ta ba ta ta sha. Ita ta yi iyakar abin da ta sani. Ni ne aka gaya wa tun da safe, ni ne mai ƙafar zuwa nema, na tafi na shayar da tumatir.

Ranar Talata bakin kanal ya ɓalle. Da aka zo kirana, ina fita na gan ta tsaye a ƙofar ɗakinta tana dubana. Ban tambaye ta ba. Na ce a raina ai da akwai wani abu da Inna ta faɗa mini. Na wuni cikin laka kamar yadda kuka ji. Da yamma aka rako ni gida ana sa mini albarka, ita ce ma ta ɗora mini ruwan zafi na wanke lakar. Daga baya na ji cewa a ranar, da hantsi, ta ji ya motsa sau ɗaya, a hankali, kamar mai neman a lura da shi. Daga wannan bai sake ba.

Laraba shiru. Alhamis, ranar hutuna, zazzaɓi ya rufe ta, mara ta ɗaure. Sai a lokacin na tuna cewa akwai ɗakin awon ciki a Kura, mil shida daga gidana, ni da nake taka mil takwas kullum a bakin kanal. Muka sa ta a motar da ta zo ɗaukar tumatir, tsakanin kwanduna.

A can muka sami Malama Sa'adiya, ungozomar gwamnati. Ta ɗauko wani abu kamar mazurari ta kafa a cikin, ta kara kunne. Ta matsar da shi dama, ta matsar da shi hagu, ta daɗe tana nema. Da ta ɗago sai ta tambayi mai ɗakina yaushe ya rage motsi, aka ce Lahadi. Yaushe ya daina, aka ce Talata. Ta fito waje inda nake tsaye, ta dube ni ta ce, "Malam, kai ne mijin?"

Na ce, "Ni ne."

Ta ce, "An gaya maka?"

Na ce, "An gaya mini ranar Litinin."

Ta ce, "Mene ne sana'arka?"

Na gyara tsayuwa, don a lokacin ina ji da kaina, na ce, "Ni ne mai ƙofar ruwa."

Ta ce, "To idan ka ga ruwa ya ragu a kanal, kwana nawa kake bari kafin ka bi sawu?"

Na ce, "Kwana? Ai ko awa ɗaya ba na bari."

Ta koma ciki ta rubuta mana takarda zuwa asibiti a birni. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. A birni aka fitar da shi. Namiji ne, cikakke, da gashin kansa da faratansa, babu abin da ya rage masa sai numfashi. Ni na ɗauke shi a hannuna a cikin ɗan ƙyalle. Wallahi jama'a, na ɗauki buhun taki, na ɗauki ƙarfen ƙofar ruwa, ban taɓa ɗaukar abin da ya yi mini nauyi kamar wannan ba.

Da muka dawo aka cika gidana da gaisuwa. Kowa ya ce ƙaddara ce, kuma na yarda, ƙaddara ce. Malama Sa'adiya da kanta ta ce mini ba za ta rantse cewa da mun zo Litinin da ya rayu ba, rai na Allah ne. Amma ta ce tsakanin ranar da ya rage motsi da ranar da ya daina akwai kwana biyu, kuma a cikin irin waɗannan kwanaki an sha fitar da yaro da ransa. Abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda muke zaɓar wurin da za mu tuna da ƙaddara. Ruwan kanal ma ai Allah ne ya saukar da shi, amma ban taɓa jin Maikuɗi ya ga gonarsa tana bushewa ya zauna ya ce ƙaddara ce ba. Zuwa yake yi ya kama ni da kokawa. Ranar da kanal ya ɓalle, babu wanda ya ce a bar shi ya kwanta, wataƙila bayan shekara biyu ya tashi. Duk gari aka fito da fartanya.

Abu na uku, abin da aka koya mana. Da Allah ya sake kawo rabo, ni na kai ta awo da ƙafata, kuma ban tsaya a gindin bishiya kamar sauran maza ba. Na roƙi Malama Sa'adiya ta faɗa mini abin da take faɗa wa mata. Ta ce shekararta tara a wannan aiki, ni ne namiji na farko da ya tambaya, har ta so ta rubuta sunana. Ga abin da ta ce, iyayenmu na bayan rumfa ku matso, mai lasifika ka ƙara murya.

Ta ce mace takan fara jin motsi wajen wata na biyar, wata kafin haka, wata bayan haka. Ta ce kafin a shiga wata na bakwai kowane ɗa ya kafa al'adarsa: wani da safe yake tashi, wani sai uwar ta ci abinci, wani sai ta zauna ta huta. Babu wanda ya san wannan al'ada sai uwar, ba likita ba, ba ungozoma ba, ba uwar miji ba, saboda haka in ta ce ya canza, to ya canza, kada a yi mata musu. Ta ce ƙarya ne a ce ɗa yana rage motsi don haihuwa ta kusa. Irin motsin ne ke canzawa, shuri ya koma juyi da miƙa, amma lafiyayyen ɗa yana motsi har ranar da zai fito. Ta ce yakan yi barci, amma barcinsa gajere ne, babu ɗan da ke wuni guda yana barci. Ta ce ɗan da ya rage motsi, sau da yawa abincin da ke zuwa masa ta cibiya ne ya ragu, shi ya sa ya lafa don ya tattala ƙarfinsa, ba haƙuri ba ne, ba nauyin jiki ba ne, ba alamar namiji ba ce. Game da kwanciyar ciki kuwa, ta ce a shekara tara ba ta taɓa ganin cikin da ya kwanta ya tashi ba, amma ta ga waɗanda aka ce sun kwanta, kuma ta san inda aka kai su.

Ta ce daga wata na bakwai mace ta riƙa ƙirgawa kullum. Daga sallar asuba zuwa la'asar, ya kamata ta ji motsi goma ko fiye. In ta ji shiru, ta ci wani abu, ta sha ruwa, ta kwanta a gefen hagu ta saurara. In la'asar ta yi bai cika goma ba, ko kuwa ya cika amma ita a ranta ta san ba haka ya saba ba, ko ya yi wata irin birgima mai ƙarfi sannan ya yi tsit, to a zo a ranar. Ba gobe ba. Ba bayan an jiƙa saiwa an ga yadda za ta yi ba. Ba bayan maigida ya dawo daga gona ya yi wanka ya huta ba. Ta ce ta fi so a zo mata sau goma ta kara kunne ta ce a koma gida lafiya lau, da a zo mata sau ɗaya ranar Alhamis.

Ta ba mu wani kati mai gidaje-gidaje da fensir, a riƙa yin alama. Katin yana da kyau, har da tambarin gwamnati. Sai dai mai ɗakina ba ta yi boko ba, kuma ko da ta yi, ba a yi Bafulatanar da za ta miƙo wa mijinta takarda ta ce ga lissafin cikina ba. Muka kawo kati gida muka soke shi a jikin azara, yana nan har yanzu, gara ba ta taɓa shi ba.

Inna ce ta warware mana. Wata safiya bayan ta dama kunun tsamiya, ta wanke 'ya'yan ta shanya, ta zuba a ɗan ƙyalle, ta haɗa da ƙaramin ƙoƙo ta kai ɗakin surukarta ta ajiye. Abin da ta ce kawai shi ne, "In ya motsa, ki jefa ɗaya." Ta juya ta fita. Tsohuwar da ta ce ciki yana kwanciya, ita ce yanzu ba ta yarda ya yi gyangyaɗi ba. Mai ɗakina kuma ta ƙara nata: idan la'asar ta yi, sai ta ɗora ƙoƙon a kan murfin randar da nake shan ruwa, ta koma ɗaki. Ni kuma in zo kamar ƙishirwa ce ta kawo ni, in ƙirga, in juye su a ƙyallen, in sha ruwa in fita. Babu wanda ya ambaci ciki, babu wanda ya dubi idon wani. Kunyarmu tana nan daram ba a taɓa ta ba, kuma kowa a gidan ya san halin da yaron yake ciki. Ashe dama ba sai an zubar da kunya ba, wuri kawai za a matsa mata kaɗan.

Abu na huɗu, kuma na ƙarshe, roƙo ne, kuma kowa zai sami nasa.

Iyayenmu mata, tsamiya ba ta da tsada, tana zuba a bakin hanya awaki suna takawa. Duk gidan da ke da mai ciki, a ba ta ƙoƙo. Kuma idan yarinya ta daure ta buɗe baki ta ce ya rage motsi, don Allah kada a ba ta labarin Iliyasu.

Liman, Allah ya gafarta Malam, mu mutane ne da in magana ba ta fito daga bakinku ba, ba mu ɗauke ta da nauyi. Kun koya mana hukuncin ruwan alwala dalla-dalla ba ku ji kunya ba, don addini ne. Ina roƙo a wajen karatu a gaya wa maza cewa tambayar lafiyar abin da ke cikin iyalinsu ba rashin ta-ido ba ne, haƙƙi ne da za a tambaye su.

Manaja, ranka ya daɗe, na ga yadda motar aiki take tashi zuwa birni nan take idan ƙaramin ƙarfe ya karye a jikin tarakta, kuma na yaba, haka ya kamata a yi wa tarakta. Roƙona shi ne, idan aka zo ofis da ƙoƙon da bai cika goma ba, a ɗauki mai shi kamar tarakta ce. Ba mu nemi fiye da haka ba.

Ku kuma 'yan'uwana manoma, ga naku, kuma shi ne mai ɗaci. Kun tafa mini don ban taɓa barin ƙofar ruwa ba. To ina sanar da ku a gaban Hakimi, a gaban Manaja, a gaban Liman: ranar da na ƙirga na ga bai cika ba, ko aka aiko mini tun kafin la'asar cewa ba a gane masa ba, zan bar ta. Ko ranar ruwan wa ce, zan bar ta. Ko kanal ya ɓalle gida biyu, ko alkamar mutum ɗari ce a bakin halaka, ko tawa ce a ciki, zan ajiye makulli a kan siminti in tafi. Saura wata guda, ku zaɓi wanda zai ɗauka in hakan ta faru, ku turo shi gobe in nuna masa yadda ake murɗawa. Maikuɗi, kai ka fi kowa sanin yadda ya kamata a yi aikin nan, shekara biyar kana gaya mini, ga dama ta samu. Wanda kuma yake ganin na ci amanar aiki, ya faɗa yanzu ina tsaye, kada ya bari sai ranar, don ranar ba zan tsaya saurarensa ba.

Na ji shiru. Na ɗauka an yarda ke nan, kuma manya sun shaida.

Allah ya saka wa shugabanninmu da alheri, ya ba su ikon riƙe amanar da ke wuyansu. Allah ya albarkaci wannan ruwa da wannan ƙasa, ya sa alkamar da muka girbe ta zama abincin lafiya. Allah ya yalwata wa makiyayanmu, ya kiyaye dukiyarsu. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, manya da ƙanana, har da waɗanda ba su kai ga suna ba. Allah ya sauki duk mai ciki lafiya, a wannan gari da kowane gari, ya ba mazansu kunnen ji tun magana tana ƙarama. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.

Mai girma shugaban taro, an ce mini bayan wannan akwai sauran jawabi uku, da ɗaukar hoto tare da manyan baƙi, da shinkafa da kaza. Ina neman izini a yi ba ni. Ga inuwar rumfa ta miƙe gabas, ladan ya fara duban rana. Da na fito da hantsi na leƙa ƙoƙon, huɗu ne a ciki. Sauran shidan ban san labarinsu ba.

Na gode.